Gabana na yawan faɗuwa, amma asibiti sun ce lafiyata ƙalau

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 29, ina zaune a Mabera. Wata huɗu ke nan gabana na faɗuwa haka kawai, zuciyata ta yi ta dukan uku-uku, numfashi ya ƙi isata, yatsuna su riƙa yi kamar ana tsira musu allura. An yi min awon jini da na zuciya, an ce babu komai. Mutanen gida sun ce wanga ba ciwon asibiti ba ne, a nemi maganin iska. Mai kemis ya ba ni D5, in na sha nakan samu barci. Wallahi tsoro nake ji kada wata rana in yanke jiki in faɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kike ji yana faruwa da gaske. Zuciya da huhu da ciki ba sa daina aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, yawancinsa ta jijiyar bagas, har ya kai wani lungu na ƙwaƙwalwa da ake kira insula, inda ake yi masa fassara. Bahaushe ya riga ya san haka, shi ya sa yake cewa hantar cikinsa ta kaɗa ko cikinsa ya ɗuri ruwa. Sai dai mutane sun bambanta: wani zuciyarsa na gudu bai ma sani ba, wata kuwa bugu ɗaya ya tsallake sai hankalinta ya tashi.

Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato, ƙarancin ruwa a jiki, shayi mai kauri ko goro, kowannensu na iya ƙara wa zuciya sauri. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka haɗari ne, jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, ki shiga haki. Hakin nan ke rage iskar kabon a jini, shi ke kawo tsirar yatsu da leɓe da jiri. Abin kan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti 10, sannan ya lafa.

Maganar da ta fi tsaya min a rai ita ce "ba ciwon asibiti ba ne". Kullum sai an ji ta, kuma tana cutar da mutane. Awon jini da ECG (awon bugun zuciya) sun duba jini da zuciya ne, ba a yi su don gano ciwon firgici ba, wato wannan da na bayyana. Ciwon yana da suna, yana da magani, ana warkewa. Amma da zarar takarda ta fito babu komai, sai a kwashi mace zuwa wurin mai hayaƙi, a turnuƙe ta a ɗaki, ita da dama numfashi ke gagara. Hayaƙin ya shaƙe ta, ta firgita, ta yi ihu, sai a ce ai ga aljanin ya bayyana! A karɓi rago, a ce a dawo mako mai zuwa. Wasu har bulala suke sawa. Addu'a da azkar babu mai hana ki, suna ma sanyaya zuciya, amma duka da shaƙe mara lafiya zalunci ne.

Shi ma mai kemis bai kyauta miki ba. D5 diyazefam ce, ƙwayar kwantar da hankali da sa barci, jiki na sabawa da ita cikin 'yan makonni, kuma ranar da ta yanke faɗuwar gaban kan dawo fiye da da. Idan kin daɗe kina sha kullum, kada ki daina rana ɗaya, don hakan na iya kawo jijjiga. Likita ne zai rage miki a hankali.

Idan abin ya taso, ki zauna, ki ɗora hannu a kan cibiya, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali kina ƙirga 6, har minti 5. Ki daina yawan taɓa wuya kina auna bugu, sa ido a kai na ƙara masa ƙarfi. Ki rage shayi da goro, ki yawaita shan ruwa. Ki je ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Zuwa can ba ya nufin hauka. Ki tambaya ko an duba miki sukari da sinadarin maƙoƙo, don su ma suna kawo irin wannan.

Amma idan kin haihu cikin 'yan watannin nan, ƙafafu na kumbura, ba ki iya kwanciya sai kin tara matashi, ko kin suma, ko ƙirji na ciwo in kin yi tafiya, ki koma asibiti yau. Ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a yankinmu, kuma yana buƙatar a ɗauki hoton zuciya.