Amsar Gwaggo Kan Komawar Mahaifiyarki Makaranta

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso ni tun shekaranjiya. Na karanta shi sau uku, na kuma ƙi amsawa nan take don kada in yi miki magana da zafin rai. Kin ce mahaifiyarki, da shekararta 47, ta yanke shawarar ajiye aikin ofis ɗin da ta yi shekara 20 tana yi, za ta koma makaranta ta koyi aikin jinya. Kin ce dangi sun yi mata caa, ana cewa ba al'ada ba ce mace ta kai wannan shekarun ta rataya jaka ta zauna aji ɗaya da sa'annin 'ya'yanta, wai lokacinta ne na zama da riƙon jikoki da neman lahira. Sai kika tambaye ni, tunda ni ce yayar babanki, ko da gaske al'ada ta hana.

Ba ta hana ba, 'yata. Amma masu maganar ba daga sama suka tsinto ta ba, tana da tushe, kuma gara ki san tushen kafin ki buɗe baki a gaban manya.

A zamanin kakanninmu, macen da ta kai arba'in da biyar ta riga ta sha jiki. Haihuwa takwas ko goma, goyo a kan goyo, aikin ƙarfi daga asuba har dare, asibiti kuma babu. Idan aka ce wa irin wannan mace ta zauna ta huta, girmama ta aka yi, an sauke mata kaya ne a ɗora wa na baya. Kuma a lokacin abin da ya rage mata a duniya sau da yawa ba shi da tsawo. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna a 1950 matsakaicin tsawon rai a duniya bai kai shekara 50 ba, yau kuwa ya haura 70. Gaskiya ne raguwar mutuwar ƙananan yara ce ta ja kaso mai yawa na wannan ƙarin, amma manya ma sun ƙara jimawa, kuma kusan ko'ina mata sun fi maza daɗewa. Rai a hannun Allah yake. Amma in ya ara wa mahaifiyarki kwana, shekara 25 ko 30 ne a gabanta, da hankalinta da ƙarfinta. Wa zai dubi tsabar idonta ya ce ta naɗe hannu duk tsawon wannan lokaci? Hutun nan kyauta ce aka yi wa mata. Ranar da mace ta ce ta gode, tana da sauran aiki, aka ce dole sai ta karɓa, to ya tashi daga kyauta ya koma tarnaƙi.

Masu kawo maganar neman lahira kuwa, su ne suka fi ba ni mamaki. Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, fatake take turawa Sham da dukiyarta, kuma a ruwayar da ta fi shahara tana da kimanin shekara 40 ta auri Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mafi girman abin da aka san ta da shi, bayan arba'in ɗin ta yi shi. Nana Zainab bint Jahsh jimar fata take yi da hannunta, ta sayar ta yi sadaka. Rufaida al-Aslamiyya tanti gare ta a masallacin Madina inda take jinyar waɗanda suka ji rauni, a can aka kwantar da Sa'ad bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Wato aikin da mahaifiyarki ke son koya ke nan. Sannan ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Da ta tashi isar da karatu ga matan karkara, manyan mata masu dattako ta zaɓa ta naɗa su jajis, waɗanda suka sauke ɗawainiyar goyo, su ne ke tafiya gari gari suna koyarwa. Ta gane abin da mu muke neman mantawa, cewa mace a wannan shekarun ne take da sarari, ana kuma jin maganarta.

Bari in ba ki nawa labarin, don kina ƙarama lokacin. Shekara 22 na yi ina buga tafireta a ofis. Yatsuna sun san haruffan nan ko ido a rufe. Rana ɗaya aka shigo da kwamfutoci, aka kira mu mu huɗu aka ce ba a bukatarmu kuma. Shekarata 46. Na dawo gida na yi wata biyar ina zaune, kowa na yi mini barka wai na huta. Ni kuwa kullum ƙarfe bakwai na safe sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, in ga kowa ya fita ya bar ni da bango. Daga nan na je na yi rajista a ajin koyon kwamfuta da lissafin kuɗi.

Ranar farko ba zan manta ta ba. Malamin bai kai babban ɗana ba. Ya ce kowa ya kama linzamin kwamfuta ya ja, na kama, hannuna na rawa, ɗan kibiyar nan ta tsere can gefen allo na rasa inda ta shiga. Yarinyar da ke kusa da ni ta dube ni, ta ɗora hannunta a kan nawa ba ta ce uffan ba, muka ja tare. Da na koma gida na shiga ɗaki na yi kuka. Washegari na koma. Bayan mako shida, da aka zo kan shigar da lissafi, sai ga shi yaran nan sun fi ni saurin danne-danne, amma ni nake fara hango inda lissafi ya karkace, saboda na yi shekaru takardun kuɗi suna wucewa ta hannuna. Ita yarinyar da ta riƙe mini hannu, ni na zauna da ita har ta ci jarrabawa. Da wannan karatun na yi shekara 17 ina riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littattafansu, da shi na taimaka wajen karatun ƙannenki biyu. Waɗanda suka ce na zubar da girma, wasu cikinsu daga baya sun kawo mini takardunsu.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma za a faɗa wa mahaifiyarki haka. Akwai gaskiya a ciki: haddar babba ba ta kai ta yaro sauri ba, sai ta maimaita abu sau uku inda yarinya za ta yi sau ɗaya. Amma fahimta, da iya auna al'amari, da sanin halin mutane, waɗannan ƙaruwa suke yi da shekaru. Waɗanda suka yi karin maganar iccen su ne kuma suka ce gemu ba ya hana ilimi.

Kuma ita ba daga farko za ta fara ba. Lokacin da kakarki, mahaifiyarmu, ta kwanta shekara uku, mu 'ya'yanta muna zuwa muna tafiya, mahaifiyarki ce a kanta. Wani dare na shiga ɗakin wajen ƙarfe biyu, na tarar da ita ta juya tsohuwa gefe ɗaya, ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta don kada fata ta salube, tana riƙe da ɗan littafi da take rubuta lokacin kowane magani da abin da aka ci da abin da aka amayar. Likita da ya ga littafin sai da ya tambaya ko ma'aikaciyar lafiya ce. Har tsohuwa ta koma ga Allah ba ta yi gyambon kwanciya ko ɗaya ba. A lokacin ba wanda ya ce ba al'ada ba ce. Yanzu da take son a ba ta takardar shaida a biya ta a kan abin da ta yi mana kyauta, shi ne ya zama abin kunya? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2018 cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da yara da tsofaffi da marasa lafiya da ba a biya a duniya, mata ne ke yin sa. Mahaifiyarki na cikin wannan lissafin.

Ba ita kaɗai ba ce a duniya. A Amurka an yi wata mata, Madam C.J. Walker, da ta yi shekaru tana wankau, sai da ta kusa arba'in ta fara sayar da man gashin da ta haɗa, kafin rasuwarta a 1919 ta ɗauki dubban mata aikin tallarsa. Mary Kay Ash tana da shekara 45 ta kafa kamfaninta na kayan kwalliya a 1963, bayan an ɗaga wani da ita ta koya wa aiki an ɗora shi a kanta. A Ingila har jami'a aka kafa a 1969 ta karatu daga gida, musamman don manyan da karatu ya wuce su.

To amma kada ki ɗauka ina cewa abin mai sauƙi ne. Akwai abubuwan da zan zauna in tambaye ta ido da ido. Ta lissafa abin da zai riƙe gidan a shekarun da ba albashi? Ta bincika abin da zai sami fanshonta in ta bar aiki yanzu, ko akwai hanyar ɗaukar hutun karatu ba tare da ta yanke igiyar gaba ɗaya ba? Wasu makarantun suna da iyakar shekaru, wasu masu ɗaukar aiki kuma suna kau da kai daga babba ko da ba su furta ba, to ta san inda za ta nufa bayan ta gama? Sannan jiki. Yawancin mata tsakanin 45 da 55 haila ke ɗauke musu, da zufar dare da rashin barci da mantuwar da ke zuwa ta tafi. Ni a tsakiyar karatuna ya same ni, kuma da na san abin da ke damuna da wuri da na ga likita na sami sauƙi. Aikin jinya kuma tsayuwa ne da kwanan asibiti. Duk wannan ba dalilin fasawa ba ne, shiri yake so.

Abin da al'ada take bin ta shi ne shawara da mijinta da sanar da manya cikin ladabi, kuma na san ta yi. Babanki bai ce a'a ba, surutun mutane ne ya sa ya yi shiru. Ƙanena ne, na san shi, wannan ki bar mini.

Saura ke. Na lura a ƙarshen saƙonki kin ce, in ta tafi makaranta wa zai riƙe miki yara idan kin koma aiki. Ban ga laifinki ba, tsoro ne na gaskiya, kowace uwa ta san shi. Amma ki duba da kyau, 'yata, kada ya zama wannan tsoron ne ya sa maganar dangi ta yi miki daɗi a kunne. Shekara 26 ta yi tana tsara rayuwarta a kan taku. Za ta so jikokinta, za ta goya su ranar da take gida, amma tsarin renonsu naki ne da mijinki, ku zauna ku nemo mafita tun yanzu.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo gidan. Kafin nan ki raka ta a duba mata ido, na ga tana nesanta takarda in za ta karanta. Ki kuma zauna da ita ki nuna mata yadda ake cike takardar neman shiga ta intanet, ki bar ta ta danna da hannunta ko da za ta ɗau awa biyu. Ki gaida mijinki da yara.

Gwaggonki.