Zauren Kawu: Suleja, garin da ya ba Abuja sunansa

Wasiƙu huɗun da na ware a wannan makon duk a kan Suleja suke, garin da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina kwana a cikinsa ina wuni a Abuja. Saboda haka yau an zo gidana.

Tambaya: Kawu, barka da aiki. Na samu aiki a wani kanti a Wuse, amma kuɗin hayar ɗaki a cikin Abuja ya fi ƙarfina. Abokaina sun ce in nemi ɗaki a Suleja. Anya mutum zai iya zuwa aiki kullum daga can bai galabaita ba?
Daga wani saurayi, Funtuwa

Amsa: Ɗana, Allah ya sanya wa aikin albarka. Zai yiwu, haka dubban mutane suke yi, amma galabaita kam sai ka yi, gara in faɗa maka tun yanzu. Hanyar ita ce ka fito ta Madalla, ka faɗa Zuba, a nan ka bar jihar Neja ka shiga yankin babban birni, sai Dei-Dei, Kubwa, Gwarimpa, ka sauka a Berger. In hanya a sake take, awa ɗaya ta ishe ka. Sai dai ba kasafai take sakewa ba sai ga mai sammako. Ni lokacin da nake aiki, da an sallame sallar asuba nake zura takalmi, shayina ma a Abuja nake sha. Ran da na tsaya karyawa a gida har rana ta fito, a cunkoson Kubwa nake biyan bashin. Ranar Alhamis kuwa, da kasuwar Madalla ke ci, ka ƙara haƙuri a kan wanda kake da shi, domin 'yan doya da masu gwanjo har kan kwalta suke baje kaya.

Motar da za ka fi samu ita ce tasi mai ɗaukar mutum shida, huɗu a baya biyu a gaba. In an ce ka shiga gaba, roƙi Allah abokin zamanka ya zama siriri. Akwai kuma ma'aikata masu motar kansu da ke kwasar fasinja don su rage kuɗin mai, sun ma ƙara yawa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Su ne suka fi daɗin shiga, amma a rigarsu 'yan wan-cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, suke fakewa. Da dare kada ka tsayar da mota a bakin titi don tana da araha, je tasha ka hau, ko da za ka daɗe kafin ta cika.

Kafin ka biya haya, ɗauki biro ka haɗa kuɗin ɗakin da kuɗin motar wata goma sha biyu, sannan ka gwada da na ɗaki a Dei-Dei ko Kubwa. Wani lokacin arahar Suleja a kan hanya take ƙarewa. Ka kuma tambayi maƙwabta, ba dillali ba, daga ina ake samun ruwa, kuma ina ruwa ke bi da damina. Ɗakin bakin rafi ko kyauta ne ka bar shi. Ambaliyar 2017 ta ci gidaje da rayuka a garin nan, muna gani.

Tambaya: Kawu, ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa ake ce wa sarkin Suleja Sarkin Zazzau, alhali ga Sarkin Zazzau nan muna da shi a Zariya. Na ce su ba ni mako guda. A fitar da ni kunya.
Daga wata malamar firamare, Zariya

Amsa: Malama, yaranki sun iya tambaya. Gajeriyar amsa ita ce gidan sarautar Suleja shi ne gidan da ya mulki Zazzau kafin jihadi. Da Malam Musa ya zo da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci Zariya, sarkin lokacin, Muhammadu Makau, ya yi kudu da jama'arsa. Tsofaffinmu suna cewa yana filin Idi a bayan gari aka auka masa, bai ko samu komawa fada ba. Ya sauka a Zuba, ƙasar Koro, ya ci gaba da yaƙi daga can yana amsa sunansa na Sarkin Zazzau, har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, kuma shi ya kafa sabon gari a bakin rafin Iku a 1828, aka kewaye shi da ganuwa. Garin ya ci sunan mai shi, Abuja.

Abin da mutanen garin ke bugun ƙirji da shi shi ne ba a taɓa cin su da yaƙi ba a duk tsawon zamanin Daular Sakkwato. Duwatsu da dazuzzuka sun taimaka, dawaki ba sa sakewa a irin wannan ƙasa. Bayan Abu Ja, ƙanensa Abu Kwaka ya hau a 1851, sai Ibrahim, mai laƙabin Dodon Gwari, a 1877. Shi ne Turawa suka tarar a 1902, bai miƙa wuya ba, suka kashe shi. Daga nan Muhammadu Gani, sai Musa Angulu, sai Sulaimanu Barau da ya hau a 1944, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina kuma tsohon malamin makaranta irinki.

A zamaninsa ne abin ya faru. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birni, kaso mai tsoka na filin kuwa daga ƙasar wannan masarauta aka yanka, aka kuma ɗauki sunan aka ba birnin da ko harsashinsa ba a haƙa ba. Tsohon garin sai aka haɗa masa sabon suna daga na sarki mai ci, Sule, da “ja” ɗin nan na kakansu, ya zama Suleja. Ma'aikatan farko da suka zo gina Abuja a nan suka zauna, shi ya sa har yau akwai unguwar da ake kira Fil Bes, wato sansaninsu na wancan lokaci. Gwamnati ba ta tare a sabon birnin ba sai 12 ga Disamban 1991.

Ni dai raina yakan sosu in na ji yaro ya ce Suleja “bayan garin Abuja” ce. Garin da ya ba da suna ya ba da ƙasa, shi aka bari a waje da iyaka, cikin jihar Neja, yana ɗauke da ma'aikatan birnin da matansu da 'ya'yansu, alhali titi da famfo da fitila na can inda suke wuni. Wannan kam ba na darasin firamare ba ne, ƙorafina ne. Abin da za ki faɗa wa yara shi ne sarkin yanzu, Malam Muhammadu Awwal Ibrahim, wanda ya yi gwamnan jihar Neja daga 1979 zuwa 1983, ana kiransa Sarkin Zazzau Suleja, naku kuwa Sarkin Zazzau, kuma kowanne da hujjarsa a tarihi.

Tambaya: Kawu, zan kawo iyali hutun Sallah wajen wana a Suleja. Ban da Dutsen Zuma, akwai abin da zan nuna wa yara?
Daga wani magidanci, Gusau

Amsa: Malam, Allah ya kawo ku lafiya. Zuma ba sai ka neme shi ba, shi zai tare ku a Madalla. Ka tsaya nesa kaɗan yara su nemo fuskar mutum da ke jikinsa, idanu da hanci da baki, sannan ka ciro tsohuwar takardar naira 100 su gwada da hoton bayanta.

Ka kuma riƙe naira 20 a aljihu. Matar da ke bayanta tana ginin tukunya, Ladi Kwali, a garin nan ta yi aiki. Wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tulunanta a fadar Sarki Sulaimanu Barau, ya zo ya buɗe makarantar ginin tukwane a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Tana zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin tulu, aikinta ya kai ta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977 ba tare da ta taɓa zama a aji ba. Ta rasu a 1984. Juya takardar ka ga wanda ke gaba, Murtala ne. Wurin aikin nata yana nan, sai dai kada ka sa rai da yawa, an bar shi ya tsufa.

In kuna da wuni guda, ku tafi Gurara. A mahaɗar Dikko za ku ɗauki hanyar Minna, ku wuce Lambata, a ƙauyen Bonu ku ratse. Da damina tun daga nesa za ka ji rugugin ruwan, feshinsa kuma ya jiƙa maka riga kana tsaye a sama. Lokacin nan ba a shiga, ko babba, kuma hannun yaro ya zauna cikin naka domin duwatsun santsi gare su. Da rani ne ake sauka ƙasa a shimfiɗa tabarma. Ku ɗauki abincinku da ruwan sha, ku juyo da sauran rana. A cikin gari kuma akwai Mayanka, wani mafaɗar ruwa da aka ce nan ake zartar da hukuncin kisa a zamanin da; ka nemi ɗan gari ya raka ku. Hawan Sallah kuwa a ƙofar fada za ku gan shi, ba sai an biya ko sisi ba.

Tambaya: Baba, wai akwai wasa a Suleja kuwa, ko sai kallon ƙwallon Turai?
Daga wani ɗalibi, Kontagora

Amsa: Jikana, gidajen kallon ƙwallo kam ko'ina, ran da Arsenal ta sha kashi har a motar asuba sai ka gane. Ƙungiyar jiha, Niger Tornadoes, a Minna take, mu nan sai gasar unguwanni a filayen makarantu. Amma wasan da ya ci sunansa a wannan yanki dambe ne, saboda mahauta da 'yan ci-rani da suka cika Suleja da Zuba da Dei-Dei. Je gidan damben Dei-Dei da safiyar Lahadi, ka ga ɓangarorin damben nan uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowa ya ja zugarsa, makaɗi na kiran ɗan wasa da takensa har tsigar jikinka ta tashi. Turmi uku ake yi, in hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa, in ba haka ba alƙali ya raba su. Ka tafi da canji don liƙi, wayarka kuma ta koma aljihun gaba kafin ka shiga layin ƙofa.