Kiran 'yan talla da masu ba da bashi ya hana ni sakat, kuma ba halin kashe waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Kano, ina sayar da atamfa da leshi da mayafai a cikin gida, kuma kusan duk cinikina ta waya ne. Kira ne ya yi min yawa: masu cewa za su ba ni bashi ba jingina, masu tallar zuba jari, da masu cewa daga banki suke. Kwanan nan ma wasu ke kirana da zagi, wai wata ƙawata ta ci bashinsu ta ba da lambata. Maigida ya ce in daina ɗaga baƙuwar lamba, amma yawancin sababbin kwastomomina da baƙuwar lamba suke fara kira. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a kasuwa. Shawarar maigida ta dace da mai albashi, amma ke lambar nan ita ce ƙofar shagonki, ba a rufe ta don gudun mabarata. Matsalar ita ce layi ɗaya kika ɗora wa aiki uku: da shi ake ciniki, da shi banki ya san ki, da shi kuma dangi ke samunki. Raba waɗannan ayyuka shi ne babban maganin, amma bari mu fara da mai sauƙi.

Tallace-tallacen da ke biyowa ta kamfanin waya, wato saƙonnin caca da waƙar kira da muryar na'urar da ke fara surutu da zarar kin ɗaga, suna da magani kyauta. Tun shekarar 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta wajabta wa kamfanonin waya su ba mutane damar toshe su. Ki rubuta STOP ki aika zuwa 2442, ko layinki MTN ne ko Airtel ko Glo, duk lambar ɗaya ce. Idan akwai nau'in saƙon da kike son ya ci gaba da zuwa, ki aika HELP zuwa wannan lambar, za a jero miki zaɓi. Daga nan ki danna *305# ki ga ko an maƙala miki wani tsari da ke cin katinki a ɓoye, domin mutane da yawa suna biyan naira 50 ko 100 a kai a kai kan abin da ba su san sun shiga ba. In kin yi duk wannan kamfanin bai daina ba, ki fara kai ƙara wurinsa a 300, ki karɓi lambar ƙorafi, in bai gyara ba ki kira NCC a 622, kyauta ne.

Sai dai 2442 ba ta tare mutumin da ya sayi layi irin naki ya zauna yana danna lambobi. Waɗannan su ne masu haɗari, kuma a kansu ne raba layi ke aiki.

Tsohuwar lambarki da kwastomomi suka sani, ki bar ta a matsayin layin kasuwa. Ita ce a Facebook da WhatsApp da jikin leda. Ki yanki sabon layi da NIN ɗinki, ki je reshen bankinki da ƙafarki ki cike takardar sauya lambar waya a asusunki da kuma BVN. Wannan sabon layin kada ya shiga kowace ƙungiyar WhatsApp, kada a rubuta shi a littafin mai POS, kada ya hau fom ɗin tallafin da ake yaɗawa a intanet. Maigida da iyaye da 'ya'ya sun isa. Ki sa masa lambar sirri a jikin SIM ɗin, don ko an sace wayar ɓarawo ba zai cire shi ya sa a wata ya kwashe kuɗi ta USSD, wato lambobin banki da ake dannawa a waya, ba. Ki riƙa sa masa kati kina ɗan kira da shi, saboda layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana iya karɓewa ya sayar wa wani. Kuma ki zaɓi wanda za ki riƙe na dindindin, sauya lambar wayar da ke BVN ba abin da ake yi kowace rana ba ne.

Amfanin wannan shi ne, daga ranar duk wanda ya kira layin kasuwa ya ce daga banki yake, kin san maƙaryaci ne tun kafin ya ƙarasa gaisuwa, tunda ba wannan lambar ce ke asusunki ba. Ko a sabon layin aka kira, ƙa'idar ba ta sauyawa: ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai tambaye ki lambar sirrin katin ATM, ko lambobi ukun da ke bayansa, ko lambar da aka turo miki ta saƙo. Kada ki ruɗu don ya faɗi cikakken sunanki ko ranar haihuwarki, irin waɗannan bayanai suna yawo a hannun mutane. Makaminsu gaggawa ce, wai za a rufe asusunki yau in ba ki sabunta ba. Ki kashe, ki kira lambar da ke bayan katinki ko ki je reshe. Haka ma mai cewa za a yi taron ƙungiya a intanet, an turo miki lambobi shida ki karanto masa. Wannan WhatsApp ɗinki yake son ƙwacewa ya bi kwastomominki yana karɓar kuɗin kaya da sunanki, kuma ga mai sana'a irin taki wannan ya fi asarar kati ciwo. Ki shiga saitin WhatsApp yau ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu.

Masu bashi ba jingina kuwa, ko kamfanin na gaskiya ne, lissafi kawai za ki yi musu. A ce an ba ki naira 50,000 za ki mayar da 60,000 cikin mako biyu. Idan ribar turmi ɗaya naira 1,500 ce, sai kin sayar da turmi bakwai kafin ki haɗa kuɗin ruwan kaɗai, kuma kin fi ni sanin cewa kayan da aka bayar bashi ga mata sai ƙarshen wata ake ganin kuɗinsu, wani ma sai bayan biki. Wato wa'adinsu zai cika kuɗinki na hannun mutane. Ban ma taɓo maganar riba a addini ba, wannan kin san hukuncinta. In jari ne ya yi ƙasa, adashi da karɓar kaya a hannun dilan da kuka saba a kasuwar Kwari sun fi miki sauƙi, ga kuma bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ. Masu tallar zuba jari ba sa buƙatar dogon bayani. Tsarin zuba jari na bogi mai suna MMM ya tafi da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, wani mai suna CBEX ya maimaita a 2025, dukansu da alkawarin riba mai tsoka cikin wata guda. Wanda ke da hanyar ninka kuɗi ba zai ɓata katinsa yana neman baƙuwa a waya ba.

Yanzu maganar ƙawarki. Kada ki yi saurin ɓatawa da ita, mai yiwuwa ba ita ta ba da lambarki ba. Da yawa daga manhajojin bashin nan, da zarar mutum ya sauke su ya danna amincewa, sukan kwashe duk lambobin da ke wayarsa, in ya makara sai su bi su ɗaya bayan ɗaya don su kunyata shi. Abin ya yi ƙamari har Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane a 2023, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta sa a yi musu rajista tana kuma cire masu karya doka. Waɗanda suka rage suna wannan aiki galibi ta bayan fage ake sauke su. Ko da ita ta rubuta lambarki, hakan bai sa kin tsaya mata ba. Tsayawa mutum a bashi sai da yardarki da sa hannunki, saboda haka ko kwabo ba sa binki. Kada ki biya don a bar ki ki huta, wanda ya biya sau ɗaya shi ake komawa. Kada kuma ki rama zagin. Ki faɗa musu sau ɗaya a rubuce cewa ba ki ci bashi ba, ba ki tsaya wa kowa ba, su goge lambarki. Ki ɗauki hoton saƙonninsu da lambobin da ranakun, ki nemi sunan manhajar wurin ƙawar taki, sannan ki toshe su. Da waɗannan hujjoji ake kai ƙara FCCPC da kuma hukumar kare bayanan jama'a, NDPC. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ki haƙƙin cewa a daina amfani da lambarki wajen talla, kuma dole wanda aka faɗa wa ya daina. In abin ya kai ga barazana ko yaɗa hotonki, wannan na 'yan sanda ne.

Layin kasuwar kuma ki yanka masa lokaci. Bayan isha'i ki sa shi shiru, ki bar saƙon da WhatsApp Business ke mayarwa da kansa cewa za ki amsa da safe. Mai son leshi da gaske zai bar saƙo. Da rana idan baƙuwar lamba ta shigo, ki ɗaga ki yi sallama, ki tambayi wane kaya ake nema. Wanda bai ambaci kaya ba a jimla biyu na farko, ki ce "na gode, ba na buƙata" ki kashe ki toshe. Ba rashin kunya ba ne, kuma kada ki tsaya ba da uzuri, domin an koya musu amsar kowane uzuri.

Ke ma kina riƙe da lambobin mutane, to ki kula da su. Kada ki jefa kwastoma cikin ƙungiyar talla ba tare da kin tambaye ta ba, don duk wanda ke ciki yana ganin lambarta, kuma daga irin wuraren nan masu kiran ke tsintar lambobi. Ki riƙa sa sababbin kaya a status, ko ki yi amfani da jerin aikawa inda ba mai ganin lambar wani, wadda ta ce a cire ta kuma ki cire ta a ranar.