Makirufo kafin kyamara

Ɗan'uwa, ka ce kuna Jidda, za ku ɗauki shirin barkwanci mai dogon zango kan matashin ɗan fim da abokansa, me za ku fara saya? Makirufo. Wayar hannu ta isa wajen hoto. Ku nemi ƙananan makirufo na maƙalawa a riga, ɗaya ga kowane mai magana, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa.

Dalili kuwa, barkwanci a baki yake. Kalma ɗaya ta ɓace, dariyar ta tafi. Babbar matsalarku a Jidda ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. Ku sanyaya ɗakin tukuna, ku kashe ta lokacin ɗauka, sannan ku naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 30 don cike giɓi wajen tacewa.