Na sha duk magungunan awo amma na haifi jaririya da ƙari a gadon baya, wai a jinina abin yake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a taimaka min da bayani don wallahi ina cikin damuwa. Bara na haifi ɗiya mace da wani ƙari a ƙasan gadon bayanta yana tsiyayar ruwa, ƙafafunta ba sa motsi, daga baya kanta ya fara girma, kwananta 19 Allah ya karɓi abarsa. Ni dai na san ban yi wasa da awo ba, tun cikin yana wata huɗu na fara zuwa, kuma duk abin da aka ba ni na sha har da ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa. Mijina ɗan baffana ne, yanzu ana ta ƙananan maganganu a dangi wai daga wajen mahaifiyata abin ya fito. Sai kuma wata mai sayar da kayan mata a WhatsApp ta ce min alamu sun nuna ina da MTHFR, wai jikina ba ya iya sarrafa folik asid, guba ne ma a wurina kuma shi ya jawo, in daina sha in sayi wani na waje da take kawowa. Ina son in sake samun ciki amma tsoro nake ji. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa mai ceto ce, ya ba ku haƙuri ke da maigidan, ya kawo masu albarka rayayyu.

Kafin komai ki cire wa ranki cewa ke kika jawo. Abin da kika kwatanta shi ne buɗaɗɗen ƙashin baya, wanda a asibiti muke kira sifaina bifida, girman kan kuma ruwa ne ya taru a ƙwaƙwalwa, sau da yawa tare suke zuwa. Amma akwai magana ɗaya a tambayarki da ta tsaya min a rai, inda kika ce kin fara awo cikin yana wata huɗu, don ita ce maganar da nake yi kullum a ɗakin awo har muryata ta dishe.

Laka da ƙwaƙwalwar jariri suna farawa ne kamar shimfiɗaɗɗiyar tabarma, sai ta naɗe, bakinta ya haɗe ta zama bututu. Wannan naɗewar tana gamawa cikin kwana 28 da shigar ciki. Kwana 28 fa. Wato kamar sati biyu bayan mace ta ga ɓatan wata, lokacin da wata ma ba ta gama yarda ba tana cewa ko jinkiri ne kawai. In a 'yan kwanakin nan sinadarin folet, wato bitamin ɗin da ƙwayar folik asid ke ba jiki, bai wadata ba bututun na iya ƙin rufewa, in ta ƙasa ya tsaya a samu irin na 'yarki, in ta sama ne a haifi jariri ba ƙoƙon kai, shi kuma ba ya rayuwa. Bayan wannan lokacin ko buhu guda kika sha ba zai koma ya rufe abin da ya riga ya tsaya a buɗe ba. Ƙwayoyin da kika sha daga wata huɗu sun yi miki amfani wajen jini, ba asara kika yi ba, amma ta fannin bayan jaririya ihu ne bayan hari, kuma ba wanda ya faɗa miki haka da wuri.

Mutanenmu sun riga sun sa wa folik asid suna "maganin awo", shi ke nan sai ya zama ba a shansa sai an buɗe kati, katin kuma ba a buɗewa sai ciki ya fito ya kasa ɓoyuwa. Mai cikin fari kunya take ji, wata tsoron baki take, wata uwar miji ce za ta ce ina ake zuwa asibiti da cikin da bai yi ƙwari ba, mu da muka haifi goma a ɗaki. Sai ka ga mace ta shigo wata biyar ko shida, ka ba ta maganin, ta je gida maƙwabciya ta ce kar ki sha yana sa ɗa ya yi ƙato a yi miki aiki, ta tura shi ƙarƙashin katifa. Wallahi wannan maganar ƙarya ce, folik asid ba ya kumbura jariri, babban abin da muke gani yana sa ɗa ya yi girman da ya wuce kima ciwon suga ne da ba a gano ba, kuma mai wannan jita-jitar ba ta taɓa cewa ki je a auna sugarki ba. In kuwa ka ce a ba amarya tun kafin ta tare, nan take wani zai ce ai maganin hana haihuwa ne aka ɓoye. A kashe kuɗi masu yawa a gyaran amarya, tsumi, gumba, kazar amarya, dilka da halawa, wata guda ana ɗura mata abubuwan da ba wanda ya san me ke ciki, amma 'yar ƙwayar da kuɗinta bai kai na katin waya ba ita ce abin zargi. Kuma yawancin amaren nan a watannin farko suke samun ciki. Ga mai kwanika ita ma, tana shayarwa jikinta bai gama mayar da abin da cikin baya ya kwashe ba wani ya shiga, ba ta ma sani ba sai ya yi motsi.

Mu ma ma'aikatan lafiya muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Macen da ba ta da ciki in ta zo ta ce tana shirin ɗauka ba ta da ƙofar shiga, daga wannan tebur a tura ta wancan, wata ma ta zo da cikin sati shida a ce ta koma sai ya yi wata uku ko huɗu ta dawo a yi mata rajista. An kore ta daidai lokacin da ya fi kowane muhimmanci. Tun ran gini tun ran zane, duk macen da za ta iya ɗaukar ciki ya kamata tana shan folik asid maikirogiram 400 kullum tun kafin cikin ya shiga.

Za ki ce to abinci fa? Zogale, alayyafo, rama, kuɓewa, wake, gyaɗa, ƙwai, lemu duk suna da shi kuma a ci su sosai, sai dai folet ba ya jure wuta, miyar da ta yini a kan murhu aka kuma ɗumama da safe ta rasa mai yawa. Shi ya sa Amurka da Kanada suka tilasta zuba folik asid a fulawa tun 1998 kuma haihuwar irin waɗannan jarirai ta ragu a fili. A nan ma ana ƙara wa fulawar kamfani, amma tuwonmu daga gero da dawa da masarar da muka kai inji yake, ba abin da aka zuba masa.

Sai maganar mai WhatsApp. Da farko ba a gane MTHFR da alamu, sai an ɗebi jini an duba ƙwayoyin gado, duk wanda ya ce miki kina da shi daga hira ta waya kasuwarsa yake ci. MTHFR ɗin ma kowa yana da shi, wani ma'aikaci ne a jiki cikin masu juya folet zuwa siffar da jini ke ɗauka. A 1995 masu bincike a Kanada suka gano wani sauyi a cikinsa da ake kira C677T, wanda ya gaji sauyin ta uwa da uba aikin ma'aikacin nan yana sauka zuwa kamar kashi 30 cikin 100, haɗarin haihuwar jariri da wannan matsalar yana ɗan ƙaruwa, gaskiya ne. Amma raguwar aiki ba tsayawar aiki ba ce, in aka ba jikin isasshen folik asid yana kai jinin inda ake so. Kuma sauyin ya fi yawa a Meziko da kudancin Italiya da arewacin Sin, a baƙar fatar Afirka waɗanda suka gaje shi ta uwa da uba kaɗan ne ƙwarai, wajen mutum 1 ko 2 cikin 100. Ki duba arewacin Sin ɗin ma inda yake da yawa, a wani babban bincike da aka fitar a 1999 kan mata kusan dubu 250, waɗanda suka sha magani a cikinsu ba a ba su komai ba sai folik asid ɗin nan na maikirogiram 400, a arewa matsalar ta sauko daga kusan jarirai 5 cikin 1000 zuwa 1 cikin 1000. Da guba ne da can za a fara ganin gawa. Wancan na wajen da take sayarwa, metilfolet, ba shi aka gwada aka tabbatar yana hana wannan matsalar ba, folik asid aka gwada. Ƙungiyar likitocin gado ta Amurka ma tun 2013 ta ce a daina yawan yin gwajin MTHFR don ba ya canza abin da za a yi wa mace. In kina da kuɗin gwaji ku duba jinotayif ɗinku ke da maigidan saboda sikila, wannan ne gadon da ke cin yaranmu.

Dangi kuma su ji tsoron Allah. Jariri rabi daga uwa yake ɗauka rabi daga uba, ku kuma kakanku ɗaya, to ta ina aka ware mahaifiyarki? Wannan matsalar ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo ta ba, ƙananan abubuwa ne da yawa suke haɗuwa da ƙarancin folet da wasu dalilai. Abu ɗaya dai, in ban da bayan da kan an ga wani abu daban a jikinta, kamar ƙarin yatsu ko kumburarriyar ƙoda, ki faɗa wa likita, don akwai cututtukan gado da auren zumunta ke fito da su waɗanda lissafinsu daban ne.

Wadda ta taɓa haihuwar irin wannan, yiwuwar ya maimaita kamar 2 zuwa 3 ne cikin 100, kin ga ko ba a yi komai ba mafi yawa lafiya suke haihuwa. Kuma a 1991 wani bincike da aka jagoranta daga Ingila kan mata irinki sama da 1800 ya nuna folik asid miligiram 4 a kullum, wato ninki goma na 400 ɗin nan, ya rage maimaituwar da kashi 72 cikin 100. Don haka ke ba na 400 ɗin nan za ki sha ba, babban za a rubuta miki, a nan ƙwayar miligiram 5 ce a kowane kyamis, ɗaya kullum, ki fara wata uku kafin ku bar ciki ya shiga ki ci gaba har ya cika sati 12. Daga nan a mayar da ke ƙaramin, saboda lokacin ake fara ba da Fansidar na rigakafin maleriya kuma babban yana rage masa ƙarfi. Kar ki ce za ki haɗa ƙwayoyin bitamin masu yawa don su kai adadin, bitamin A in ya yi yawa shi kansa yana lahanta jariri.

Kafin nan ki je a auna sugarki da jininki har da bitamin B12. In kina shan maganin farfaɗiya, musamman Epilim ko Tegretol, kar ki daina da kanki amma lallai likita ya sani kafin ciki, haka maganin kashe ƙwayoyin cuta na Septrin. Zazzaɓi mai zafi a farkon ciki a nemi magani da wuri. In cikin ya kai sati 18 zuwa 22 a yi sikanin na musamman a babban asibiti, ki buɗe baki ki faɗa wa mai yin hoton abin da ya faru bara don ya bi ƙashin bayan a tsanake, kuma a can za ki haihu.

Ki ba maigidan wannan amsar ya karanta da kansa, shi ne zai je kyamis ɗin. In akwai ƙannenki ko nasa da aka sa wa rana ko suke gidan miji, su ma su fara sha tun yanzu, kuma su faɗa wa likitansu an taɓa samun haka a gidan don ya san adadin da zai rubuta musu.