Amsar da aka ba mai kukan taswirar Mongoliya

Ga abin da yayanmu ya faɗa a muryar da ya turo, na rubuta saboda masu ƙarancin data.

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Ƙanina, na saurari muryarka tun da safe, hidima ce ta hana ni amsawa sai yanzu. Ka ce jiya kun buga wasan yaƙin nan na kwamfuta, Age of Empires II, kai da wani, a taswirar Mongoliya, sojojinka sun fi na mutumin yawa, ka riga shi shiga zamani na uku cikin zamunan ci gaba huɗu na wasan, amma ya yi maka kaca-kaca, har kana zargin ko maguɗi ya yi. To, ba maguɗi ba ne. Na kalli hoton da ka turo, na ga inda kuka gwabza. Kana gindin tudu, shi yana bisa. Ai tun daga nan aka gama da kai.

Bari in yi maka lissafin, don kada ka ce faɗa kawai nake yi. A wasan nan, tun tsohon na 1999 har sabon da aka fitar a 2019, duk wanda ya kai hari daga sama zuwa ƙasa, ana ƙara masa kashi 25 cikin 100 na ɓarnar da yake yi. Wanda ya kai daga ƙasa zuwa sama kuma, a rage masa kashi 25. Ɗauki ɗan baka na farkon nan, wanda ba a ƙara masa ƙarfi a maƙera ba. Ransa 30, kibiyarsa tana cin 4. A shimfiɗaɗɗen fili kibiya takwas ce ke kashe ɗan baka. Idan yana bisa tudu, tasa 5 take ci, shida ya gama da naka. Kai da ke ƙasa taka 3 take ci, sai ka harba goma. Shida da goma fa, ka ji. Wato 'yan baka goma sha biyu a sama sun ishi goma sha biyar a ƙasa, kuma da zarar naka sun fara zubewa abin sai ya riƙa ninkuwa. Sannan ba sai tudun ya kai tsauni ba. Hawa ɗaya tak ya fi ka, ƙarin ya tabbata. Mutane da yawa ba su san wannan ba, suna neman ƙaton tudu, alhali ɗan tozon da ke gefen gonarsu ya wadatar.

Yauwa. Ita Mongoliya kuma ba tudu kaɗai ne da ita ba, abin da ya bambanta ta shi ne katangun duwatsun nan da muke kira kilif. Ba a hawansu, ba a gini a kansu, ba a rushe su, ko da me ka zo. Amma kibiya tana tsallake su. Wannan ita ce duk dabarar taswirar. Mai doki sai ya zagaya, mai baka kuwa yana tsaye a wancan gefen yana ta ɗirka masa. Kuma ka san kowane wasa sabuwar taswira kwamfuta ke zanawa, ba a haddace ta. Shi ya sa nake jin haushin masu ajiye ɗan leƙen asirinsu a gindin babban gida, wato cibiyar gari da ke fitar da ma'aikata, da zarar sun samo tumakinsu. Kai, dokin nan aikinsa bai ƙare ba! Ka zagaya da shi, ka ƙirga mashigai nawa ne ke shigowa garinka, wanne ne ƙunci, wanne ne faɗi. Wani lokaci za ka tarar kilif biyu sun kusa haɗewa, 'yar katangar itace da gida ɗaya sun toshe maka gefe guda sukutum. Wani lokacin kuma ka tarar garinka a buɗe yake kamar kasuwa, to a nan kada ka ɓata itace kana katange iska, soja za ka yi.

Sai maganar arziki. Abinci da itace ba su cika zama abin faɗa ba, gona itace 60 ce, kana iya jera su a bayan gida. Zinare da dutse su ne rigimar, don inda aka ajiye su nan suke, ba sa tashi. In na ce dutse a nan, na haƙa nake nufi, ba na hawa ba, Hausa ta haɗa mana su a suna ɗaya. Kowane tulin zinare 800 ne, na dutse 350. Kasul, wato babban ginin tsaron nan mai harba kibau, yana cin dutse 650, kusan tuli biyu ke nan. Abin da za ka fara dubawa tun minti na uku ko na huɗu shi ne: babban zinarena yana ina, kuma akwai tudu a kusa da shi? Idan akwai tudu a gabansa, ta ɓangaren abokin gaba, to wannan tudun shi ne wasan gaba ɗaya. Ko ka hau, ko a hau maka. Ka kafa barikin 'yan bakanka a can, ko hasumiya.

Amma ka yi hattara da hasumiyar ma. Da dutse 200 ake farawa. Hasumiya ɗaya 125, saura 75, babban gida na biyu kuma yana neman dutse 100. Ka ga idan ka gina ta, dole ka tura mutum biyu ko uku haƙar dutse, ko ka je kasuwa ka saya, kasuwar kuma kowane saye farashi hawa yake yi. Ni dai a ganina, idan zinaren yana cikin haɗari, gina ta kawai. Gara jinkirin babban gida da a kore ka daga zinare, ka koma yin 'yan mashi kamar marar gata.

Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, don kada ka ɗauka ni gwani ne. Watannin baya, a wannan taswirar, na tara barade wajen ashirin, kowane abinci 60 zinare 75, ka lissafa asarar da kanka. Na hango 'yan bakan mutumin a bayan wani dogon kilif, na zaɓi dawakina duka na danna musu. Wallahi ina kallo dawakin suka juya baya, suka kama wata hanya can ta gabas, don ita ce kaɗai mashiga. Suna tafiya a jere a gindin kilif ɗin kamar masu rakiyar amarya, shi kuma yana ta harbi. Da suka iso mashigar, ƙunci ne, biyu-biyu suke shiga, ya ajiye 'yan mashi a baki da mangonel ɗaya, keken jifan duwatsun nan, a baya. Bakwai ne suka dawo, su ma rabin rai. Ban gama jimami ba ya dasa kasul a kan tudun da ke kallon zinarena. Da ya shiga zamani na huɗu ya fito da majajjawan nan, tarabushe, masu jifa daga taki 16, ya jera su a gindin kasul ɗinsa. Nawa kasul ɗin yana kwari, jifansa daga sama da ƙari, nawa daga ƙasa da ragi. A wannan daren da an ɗauke wuta ma da na ji daɗi, in samu abin fakewa.

Abin da ya kamata in yi, kuma shi ne ya kamata ka yi jiya: idan ka ga ya riga ka hawa, ka bar masa tudun. Ba dole sai ka yaƙe shi a inda ya zaɓa ba. Sojan da ke tsaye a kan tudu ba ya gadin gida. Ka zagaya da dawakinka ta ɗaya mashigar, ka faɗa wa masu saran itacensa da manomansa. Dole ya sauko, in ya sauko kuwa kun zama ɗaya, yawan naka ya yi aiki. In kuma ya ƙi saukowa, ka ci gaba da cin talakawansa, kowane ɗaya abinci 50 ne da daƙiƙa 25 na babban gidansa.

Ka kuma tambayi ƙabilar da ta dace a zaɓa a wannan taswirar. Tatar suna da ƙarin ɓarna a kan na kowa idan suna sama. Jojiyawa, waɗanda aka ƙaro a 2023 tare da Armeniyawa, su kuma ɓarnar da ake yi musu ce ke raguwa idan suna bisa tudu, kuma su biyun suna da keken alfadari da ke bin ma'aikata, maimakon rumbun itace da na ma'adinai da ke kafe wuri ɗaya, abin yana da daɗi a ƙasa mai lungu-lungu. Mongol ɗin kansu mahayansu masu baka sun dace da wasan ɓuya a bayan kilif, sai dai suna son hannu mai sauri. Amma gaskiya, ƙanina, a matakinmu ba ƙabila ce ke kayar da mu ba. Ka riƙe wadda ka saba da ita.

Ka turo mini fayil ɗin wasan na jiya in duba inda zinarenka na biyu yake, don a hoton ban gan shi ba. In Allah ya kai mu bayan isha'i ina nan, mu buga Mongoliyar ni da kai, zan bar maka tudun da gangan ka ji yadda abin yake daga sama. Sai an jima.