Kwamitin Iyaye Na da Ikon Duba Aikin Malamin Addini?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina cikin kwamitin iyaye na wata makarantar faranko-arab (mai haɗa karatun Faransanci da na Larabci) da mutanen unguwarmu suka gina a Garwa, ƙasar Kamaru. Malamai biyu ke koyar da Alƙur'ani da fiƙihu, kowanne muna ba shi sefa 25,000 a wata daga sefa 500 da muka aza wa kowane yaro. Kuɗin ba sa shigowa yadda ya kamata, yanzu haka suna bin mu wata uku. Ga iyaye kuma na ƙorafi, wai yaro ya kai CM2, ajin ƙarshe na firamare, bai iya Fatiha daidai ba. Da muka ce za mu shiga aji mu gwada yaran, sai babban malamin ya ce almajiri ba ya binciken malami. Shin muna da wannan iko a Shari'a? Ya halatta mu tara zakkar masu hali mu biya albashin? Wasu kuma sun ce a ɗebo daga asusun APEE (ƙungiyar iyayen yara da malamai) na makarantar gwamnati da ke kusa, tunda yaranmu na can ma suna zuwa darasin yamma a wurinmu.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kuna da ikon duba aikin, kuma wajibi ne a kanku. Sai dai akwai abin da ya gabaci wannan, shi ne bashin wata ukun nan. Da shi zan fara, domin kwamitin da ya riƙe haƙƙin ma'aikaci bakinsa ya yi nauyin tambayar ina aiki.

Abin da ke tsakaninku da malaman nan ijara ce, wato jinga. Karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani halal ne a mazhabar Imamu Malik, saboda hadisin Ibnu Abbas da Buhari ya ruwaito, cewa mafi cancantar abin da kuka karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah. A littattafan fiƙihun mazhabar, Risala ta ce babu laifi a yi jinga da malami a kan yaro ya ƙware, Muhtasar kuma ya ƙara da biyan wata-wata. Game da fiƙihu, an ruwaito karhancin karɓar lada a kansa, amma malaman mazhaba na baya sun halatta, don in ba a biya ba babu mai barin sana'arsa ya zauna da yara. Tunda ijara ce, albashin da ya wuce lokacinsa bashi ne a wuyan waɗanda suka ɗauki malamin. A hadisin ƙudusi na Buhari, Allah ya lissafa mutum uku da shi da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi aikin cif, ya hana shi ladansa. Cewa iyaye ba su kawo ba ba ya sauke muku wannan nauyi, sai in tun farko kun yi sharaɗi da malamin a kan haka. Irin wannan sharaɗin ma, na “abin da ya shigo shi za ka samu”, yana ɓata ijarar, domin ladan ya zama ba a san adadinsa ba.

Ku zauna da su, ku rubuta bashin: sefa 75,000 ga kowanne, 150,000 ke nan. Ku yanka ranakun biya, ko da kashi uku ne, shaidu biyu su sa hannu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. A takardar ku fayyace abin da ya fi haddasa rigima a makarantun nan, wato watannin dogon hutu na Yuli da Agusta: ana biya ko ba a biya? Duka biyun sun halatta, matuƙar an faɗa tun a Satumba.

Maganar cewa almajiri ba ya binciken malami tana da gurbinta, amma ba nan ba. Ladabin ɗalibi ne ga shehinsa. Ku kuwa ba ɗalibansa ba ne, wakilan iyaye ne, kuma iyaye aka ɗora wa nauyin tun asali. Allah ya ce a aya ta 6 ta Suratut Tahrim ku kare kawunanku da iyalanku daga wuta, Annabi (SAW) kuma ya ce kowannenku makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa. Uba ya wakilta malami ne kawai, nauyin bai bar kansa ba. Muslim ya kawo maganar Ibnu Sirin a gabatarwar Sahihinsa, cewa wannan ilmi addini ne, ku duba wurin wa kuke karɓar addininku. Annabi (SAW) da kansa ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi lokacin da ya dawo daga karɓar zakka, alhali sahabi ne. Bin diddigin wanda aka ba amana sunna ce, ba ta rage masa daraja. Malaman Ƙairawan sun daɗe da rubuta haka: Muhammadu ɗan Sahnunu, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya yi littafi guda a kan ladubban masu koyar da yara, ya hana malamin da ake biya ya shagala da wani abu a lokacin karatu, ko ya riƙa aiken yara bukatunsa, ko ya fifita ɗan mai kuɗi a kan ɗan talaka. Da ba a duba malami, da waɗannan hukunce-hukunce ba su da amfani.

Inda malamin naku yake da gaskiya shi ne, ba kowa ne zai gwada karatu ba. Ma'aji ya duba rajistar zuwa da tashi, wannan aikin kowa ne. Amma ingancin karatu sai wanda ya sani. Ga misalin ɓarnar da ake yi. Yawancin makarantun allo na yankin nan da ruwayar Warshu suke karatu, Islamiyyu kuwa da Hafsu. Yaro ya karanta “maliki yaumid din” ba tare da jan mim ba, mai gwaji wanda Hafsu kaɗai ya sani ya ce an yi kure, a tashi a ce malam bai iya Fatiha ba, alhali Warshu ce sahihiya. Kuren da ya kamata a kama shi ne irin mai canza ma'ana, kamar yaro ya ce “an'amtu” a maimakon “an'amta”, ya mai da ni'imar Allah tasa, ko ya sauke shaddar “iyyaka”. Saboda haka ku nemi mutum biyu daga wajen makarantar: alaramma wanda ya san ruwayoyin biyu, da wanda ya karanci fiƙihu aƙalla zuwa Risala. Kada ɗaya daga cikinsu ya zama mai neman gurbin malamin, ko wanda ɗansa ke nema.

Gwajin a yi shi sau uku a shekara, ƙarshen kowane zango, a sanar da malamin mako guda kafin ranar, yana zaune a wurin. Daga kowane aji a ɗauki yara goma ta hanyar ƙuri'a daga rajista. Idan aka bar malami ya zaɓa, 'yan gaban aji zai kawo, kowa ma haka zai yi. A gwada su ɗaya-ɗaya, domin karatun taro shi ke ɓoye rauni: yara sittin na rera sura murya ɗaya, goma ne ke karatun, sauran na bin amo, har shekara ta ƙare ba wanda ya gane. A buɗe wa yaro shafin da bai haddace ba, a sa yatsa a tsakiyar layi a ce fara daga nan. Wanda ya tsaya cak, hadda yake da ita, baƙi da wasali ba su zauna ba, maganinsa kuma komawa babbaƙu da farfaru. Sai a miƙa masa buta ya yi alwala ana kallo, a lura ko ruwa ya kai gwiwar hannu da diddige, ko ya cuɗa, tunda cuɗawa farilla ce a mazhabarmu. A tambaye shi da harshen da yake ji, Fulatanci ne ko Hausa, me zai yi in ya manta zaman tahiya na farko. Yaron da ya rera babin ƙabli da ba'adi na Ahalari da Larabci amma ya kasa amsa wannan, an ba shi lafazi ba a ba shi fassara ba.

Kafin ku ɗora laifi, ku duba jadawalin makarantar. Sau da yawa darasin addini shi ake turawa ƙarshen yini, lokacin da rana ta take yara sun gaji, kuma shi ake fara cinyewa idan jarrabawar CEP ta kammala firamare ta matso, a ce 'yan CM2 su yi bitar lissafi da Faransanci. Idan sa'a biyu kaɗai ke isa hannun malami a mako, ga yara sittin a gabansa, kowane yaro minti biyu ke nan. Wannan gyaran na darakta ne da kwamiti. Haka kuma ku rubuta littattafan kowane aji a takardar jinga, misali Ƙawa'idi a CE1 da CE2 (aji uku da huɗu), Ahalari a CM1 (aji biyar), Ishmawi a CM2, don kada rigimar manya ta ƙabalu da sadalu, ko ta ɗariƙa da Izala, ta shigo aji ta hanyar gwaji. Abin da malamai suka yi saɓani a kansa ba a korar mutum dominsa.

Idan gazawar ta tabbata daga malamin take, mutum biyu su same shi a keɓe, a faɗa masa abin da aka gani, a ba shi zango guda. Kada a yi a gaban yara ko a dandalin WhatsApp na iyaye, wannan cin mutunci ne haramun. In bai gyara ba, ku dubi irin jingar. Wadda aka yanka wa wa'adi, kamar shekarar karatu guda, tana lizimtar ɓangarorin biyu har wa'adin ya cika, sai da uzuri karɓaɓɓe. Ta wata-wata da ba a yanka mata ƙarshe ba kuwa, kowa na iya janyewa, a biya shi abin da ya yi. Abu biyu ba sa jiran zango: dukan da ke raunata yaro, da keɓewa da yara ta hanyar da ba ta dace ba. A nan a dakatar da shi nan take, a bincika kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta ce, in ta tabbata a kai ga hukuma. Ɗan Sahnunu bai yarda malami ya wuce bulala uku ba sai da izinin uba, ya kuma hana taɓa kai da fuska. Dokar ilmi ta Kamaru ta 1998 ta hana dukan ɗalibi gaba ɗaya, kuma barinsa ba saɓo ba ne, don haka ku bi dokar.

Zakka kuwa, Allah ya iyakance masu cinta gida takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Albashi da ginin aji ba sa ciki, kuma “fi sabilillahi”, ɗaya daga gidajen takwas, a wurin mazhabobi huɗu jihadi ake nufi. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da makarantu, akwai kuma Malikawan da suka sassauta a ba malamai idan ba su da rabo a baitulmali. Amma ko a wurin masu sassaucin, wanda ake bi bashin albashi ba zai biya da zakka ba, don ya kare dukiyarsa da ita ke nan. Hanya biyu ce mai tsafta. Malamin da abin da yake samu ba ya isar masa shekara, a ba shi zakka da sunan talauci, ba a cire ko sefa ɗaya daga albashinsa ba. Uban da ya kasa biyan 500, a ba shi zakkar ta zama mallakarsa, a tuna masa kuɗin makaranta ba tare da an gindaya masa sharaɗi ba.

Abin da zai riƙe albashi shi ne sadaka da waƙafi. Karɓar 500 kowane wata wahala ce ga manomi, tunda kuɗinsa lokaci guda suke zuwa. Ku ba shi damar biyan shekara a dunƙule idan an biya kuɗin auduga ko an girbe masara da dawa, ko ya kawo hatsin a kimanta da farashin kasuwa na ranar. Mai hali ya yi waƙafin shago ɗaya a kasuwa, hayarsa ta tafi albashi, a rubuta a gaban limami da mai unguwa don kada magada su tayar daga baya. Kuɗi kada su kwana a hannun mutum ɗaya: mai karɓa daban, mai rubutawa daban, rasiɗi ga kowane uba, a karanta lissafi a taron iyaye kowane zango. Albashi ne farkon abin da zai fita, kafin fenti da bikin sauka.

Asusun APEE na makarantar gwamnati bai halatta ku taɓa ba. Iyaye Musulmi da Kirista da wasunsu ne suka tara shi don benci da alli da biyan malaman da iyaye ke ɗauka, wanda ke riƙe da shi kuma wakili ne, ba ya kashewa sai a abin da aka ba shi dominsa. Dukiyar mutum ba ta halatta sai da daɗin ransa, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Ga shi dokar 1998 ta ce makarantar gwamnati ba ta ɗaukar ɓangaren kowane addini, don haka mai sa hannu a fitar da kuɗin zai jefa kansa cikin tuhuma. Iyayen yaran da ke zuwa darasin yamma su biya nasu kai tsaye a asusunku, da rasiɗinsu daban.

Wallahu a'alam.